Daka a Saman Bene

Ladidi ta kai ƙarar Barau magini gaban shugaban hukumar ba magina lasisi, don sabon benenta duk ya tsattsage.

Shugaban, abokin cin tsiren Barau ne, ya ce, "Ginin da bai faɗi ba lafiyarsa lau. Nuna mini ya rushe alhali yana tsaye, in ƙwace lasisin Barau."

Ladidi ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, na janye ƙara. Amma a falona na ƙasa za ka sa hannu cewa lafiyarsa lau, mu kuma mata shida muna sama da turmi, muna daka maka fura."

Barau ya raɗa masa, "Yallaɓai, kada ka je. Kana da ƙananan yara."

Shugaba ya daka tsawa, "Miƙo lasisin nan!"