Kafar Ƙarƙashin Danga

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo, muna saurare.

Kaza ce ke da 'yan tsaki tara. Dangar kara ce ta raba bayan gidanta da na Bushiya, a ƙarƙashinta kuma akwai wata kafa. Ta nan Tunku ke shigowa yana ɗauke mata 'ya'ya. Da suka koma shida, ta kwaɓa laka za ta toshe.

Bushiya ta ce, "A'a, maƙwabciya! Rariyata ce. Ina kika taɓa jin an toshe rariya da damina? So kike ɗakina ya rushe?"

Kaza ta kai ƙara gun Dila, mai unguwa. Ya zo ya zura kai cikin kafar, ya ƙare wa 'yan tsakin kallo.

Kaza ta ce, "Ranka ya daɗe, wane irin ruwa ne mai haƙora?"

Ya ce, "Haƙuri za ki yi, baiwar Allah, al'ada ce. Da kaka sai a yi gayya a toshe."

Kaka ta zo, saura ɗan tsako ɗaya. Cikin tara fa, ku lissafa da kyau! Aka yi gayya, aka jera duwatsu, aka cusa ƙaya. Har Tunku ya kawo dutse.

Da aka gama, Dila ya ce, "To uwar gida, 'yan gayya ba sa tafiya da yunwa. Me aka tanadar mana?"

Kafin ta buɗe baki, ya cafke ɗan tsakon.

Danga ta toshu sarai, amma ba sauran abin tsarewa. Har yau ba wanda ya ce wa Kaza ko sannu, ni kuwa ban yafe ba.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare ke nan.