Damin da Ba Shi da Nauyi

An yi wani mutum a wani ƙauye, tun zamanin da majami'unmu suke da rufin ciyawa, ana ce masa Tambai. In ka tambayi mutanen garin, kowa da abin da zai faɗa maka a kansa. Mata su ce ba a taɓa aika ƙwarya gidansa ta dawo wofi ba. Dattawa su ce in ka ba shi ajiyar allura, bayan shekara goma za ka same ta da zarenta. Shi ke buga ƙarfen kiran sujada, shi ke shiga rumbun ikilisiya ya jera hatsin baiko. Bawan Allah ne, ba ya da yawan magana.

To, a garin nan akwai al'ada. Ranar godiyar kaka kowane magidanci zai ɗauko damin gero a kansa, ya bi ta tsakiyar majami'a ana waƙa, ya sauke a gaba. Sai a zuba a rumbu a liƙe. In damina ta yi tsakiya, abinci ya ƙare a gidaje, a buɗe a raba wa gwauraye da marasa ƙarfi.

Wata shekara kowa ya samu, sai Tambai. Gonarsa ce a bakin fadama, tsuntsaye suka sauka a kanta kwana uku, suka bar masa zangarniya tsaye ba ƙwaya. Da yunwar ta gari duka ce, da da sauƙi. Amma shi kaɗai ne.

Matarsa Kande ta ce, "Maigida, ka je ka gaya wa dattawa."

Ya ce, "Ni da nake miƙa wa mutane, in je in tara hannu?"

Ta ce, "Hannun dai naka ne, ko ta ina ka juya shi."

Bai je ba. Ya liƙe rumbunsa da laka yadda ake liƙe cikakke, alhali ba komai a ciki. Ya kai akuyarsa kasuwa mai nisa ya sayar. Ya riƙa zuwa ƙodago a garuruwan da ba a san shi ba. In ya durƙusa kuma, addu'arsa ɗaya ce: "Ya Ubangiji, ka rufa mini asiri."

Ku saurara da kyau. Ranar godiya ta zo. Tambai ya shiga bayan ɗaki, ya tattara zangarniyun da tsuntsaye suka cinye ya sa a tsakiya, ya kewaye su da 'yan masu ƙwaya da ya tsinto, ya ɗaure da igiyar rama. A ido, dami ne kamar kowane dami. Ya ɗora a ka, ya bi layi, har yana ɗan sunkuyar da wuya kamar mai ɗauke da nauyi. Da yake shi ke jerawa a rumbu, ba hannun da ya taɓa damin sai nasa. Ya ce a ransa, kafin damina zan musanya shi.

Bai samu abin musanyawa ba.

Damina ta raba tsakiya, aka fasa rumbun ikilisiya. Tambai yana ciki yana miƙo dammuna, yana tura nasa can ƙurya da ƙafa. Sai ya ji murya daga waje. Iya Tabita ce, wata tsohuwa makauniya, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta ma ba ko ɗaya a raye.

Ta ce, "Tambai, ɗana, ni naka nake so. Wanda ka ɗaure da hannunka."

Jama'a suka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Iya ta san inda albarka take! Ba ta, Tambai, kada ta kama mu da addu'a."

'Yan'uwa, a nan ne ya kamata ya buɗe baki. Bai buɗe ba. Ya ɗauko damin, ya kai mata har ɗaki da kansa don kada wani ya ji rashin nauyinsa. Ya jingine shi a bango. Ta ce, "Ubangiji ya saka." Ya ce, "Amin." Ya fita.

Washegari da tsakar rana yana gona yana noma, iska ta tsaya cak, tsuntsaye suka yi shiru. Sai ya ji daka. Ku mata kun san bambancin. Turmi mai hatsi, ƙararsa a dunƙule take, tana nutsewa cikin ƙasa. Wannan kuwa itace ne yake dukan itace. Ƙwam. Ƙwam. Ƙwam. A hankali, kamar hannun da ba ƙarfi. Daga wajen gidan Iya Tabita take fitowa, alhali tsakanin gonarsa da gari akwai tafiya.

Ya koma gida ya ce, "Kande, wa ke daka da rana tsaka?"

Ta ce, "Daka? Ban ji komai ba."

Kashegari ma haka. Ya tafi ƙodago wani gari, rana na kaiwa tsaka, ƙwam, ƙwam. Ya durƙusa a gindin kuka zai yi addu'a, ya ce "Ya Ubangiji," sai taɓarya ta sauka a kan maganar. Ya sake farawa, ta sake sauka. Ranar Lahadi ya buga ƙarfen sujada, kowa ya ji ƙarfe, shi ya ji turmi. Ya daina iya haɗiye tuwo. Kwana tara ke nan.

Rana ta goma ya ajiye fartanya, ya bi ƙarar. Tana ƙaruwa, yana matsowa. Ya sa ƙafa a ƙofar gidan, sai ta ɗauke.

Tsakar gida ba kowa. Ga turmi can a kife a gindin katanga, gara ta hau shi har rabi, ciyawa ta tsiro kewaye da shi. Iya Tabita tana zaune a inuwa tana tsinke ganyen tafasa a ƙwarya.

Ta ce, "Tambai ne? Shigo. Na san takunka."

Ya ce, "Iya, wa ke miki daka?"

Ta ce, "Ɗana, shekarata biyu ban ɗaga taɓarya ba."

Ya leƙa ɗaki. Ga damin a jingine, ƙullin igiyarsa yadda ya ɗaure shi.

Ya ce, "Ba ki kwance ba."

Ta ce, "Ba na bukatar kwancewa. Ranar godiya ina zaune a bakin layi. Shekara nawa ina jin maza suna wucewa da dami, ƙasa tana amsa musu. Kai da ka wuce, ƙasa ba ta amsa ba. Na ce, Tambai ya shiga wahala. Na ce kuma, in damin nan ya faɗa gidan mai 'ya'ya, za a kwance shi a gaban yara masu yunwa, a kira sunanka a gari. Ni kuwa cikina ɗaya ne, tafasa ma tana riƙe shi."

Ya ce, "Ƙarar fa?"

Ta ce, "Ban san wata ƙara ba. Abin da na sani, kullum rana ta kai tsaka ina kai sunanka gaban Yesu. Yadda yake isar da saƙo, ba ni na tsara masa ba."

Jama'ar Ubangiji, kun ga an amsa addu'ar Tambai. Ya roƙi rufin asiri, an rufa masa. Amma da yunwar wa aka rufa? Talauci ba zunubi ba ne. Tsuntsaye sun ci gonarsa, ba laifinsa ba ne. Kunya ce ta sa shi ya yi ƙarya a gaban bagade, kuma kunyar da ka ɓoye, wani ne yake ɗaukar nauyinta, sau da yawa wanda ya fi ka rauni. Na san akwai waɗanda suka shigo nan yau da guga a riga, gida kuwa ba a hura wuta ba. Ba zan dube ku ba. Amma kada ku kawo wa Allah abin da kuka yi wa ado a waje. Ku zo hannu wofi ku ce, ba ni da shi. Ya san abin da zai yi da hannu wofi, kuma don haka ya ba mu juna.

Lahadin da ta biyo baya Tambai bai buga ƙarfe ba, wani ya buga. Ana tsakiyar sujada ya shigo da damin nan da ya ɗauko daga ɗakin Iya Tabita a kansa, wannan karon wuyansa a miƙe. Ya sauke a gaba, ya yanke igiyar, busassun zangarniyu suka watse a ƙasa ba ko ƙara. Ya durƙusa, ya juya wajen da tsohuwar take zaune, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma suka ji.

"Ba ni da komai tun kaka. Na yi wa Ubangiji ƙarya, na yi muku ƙarya. Iya Tabita, kwana goma na bar ki da yunwa, ina sane. Ki gafarta mini."