Hula Ɗaya ta Baffa Sallau

Ku matso kusa, ga wata nan in kawo muku, amma ku ne za ku yanke ta.

Baffa Sallau mai ɗinkin hula ne, idonsa ne abincinsa. Wata damina rumbunsa ya yi yoyo, dawa ta yi fumfuna. Shi da ba ya iya ganin hatsi ya salwanta, ya shiga ya kwashe ta da hannunsa, ya shaƙi ƙurar har ya ƙoshi. Bayan makonni hanci ya toshe, idon hagu ya kumbura ya turo waje, allura ɗaya ta koma masa biyu. Maƙwabta suka yi ta ɗura masa tozali, tunda ido ne ke ciwo.

Babban ɗansa Tanimu shi ke wanke masa hankici. Ya lura da wata baƙar majina mai kauri, ya ce cutar nan a hanci take, ido maƙwabci ne kawai. Aka yi masa dariya. Ya ɓoye tandun tozalin, ya kafe sai asibiti.

Asibitin kuwa a hayin kogi yake, sai ga kogin ya kawo, masu kwalekwale suka ce sai ruwa ya janye. Gambo, na tsakiya, ya ari kwalekwale ya tuƙa da kansa, ya haye da uban, tsohon yana zaginsa tun daga wannan gaɓa har waccan.

Likita ya ce fumfuna ce ta tsiro a kogon bayan hanci tana danne ido, da an ƙara kwana biyu da gani ya tafi. Sai an yi aiki ta hanci. Baffa ya miƙe.

"Ciwo a ido, a shiga ta hanci? Ku mai da ni gida."

Auta Ɗanlami ya zaro allura da zare.

"Baba, zura wannan, sai mu tafi."

Sau bakwai yana gwadawa, zare ya ƙi shiga. Ya koma ya kwanta.

Aka yi aiki, ido ya koma mazauninsa. Ranar da ya zura zare a tashi ɗaya, ni kaina na yi ƙwallar murna, gidan kuwa har da guɗa. Ya zauna wata guda ya ɗinka hular da bai taɓa yin irinta ba, ya ce ta wanda ya ceci idonsa ce.

To, ga hula ɗaya, ga kai uku. A kan wa za ku ɗora ta?