Kafintan da aka ɗauka ba ya ji

Akwai wani kafinta mai albarkar hannu, amma zamansa a gidansa bai wuce na baƙo ba. Sirrinsa da dariyarsa duk na amininsa ne, wani abokin sana'a da ake kira Dogo. In matarsa ta ɗauko magana sai ya ce, "Bari sai na dawo." Bai taɓa dawowa kan maganar ba.

Wata rana yana cikin yankan katako ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Kowa ya ɗauka ba ya gane komai, alhali kunnensa ras yake.

Dogo ya zo asibiti, ya riƙe hannunsa yana zuba addu'a har matar ta yi hawaye. Tana fita karɓo magani, ya saki hannun ya ɗaga waya.

"Ai wannan tasa ta ƙare," in ji shi. "Ku kawo aikin kujerun wurina. Injin yankan katakonsa ma gobe zan kwashe kafin danginsa su farga."

Injin nan shi ke ciyar da gidan kafinta. Ya yi ta yunƙurin motsa harshe, ya kasa. Hawaye ya gangaro masa, Dogo ya goge da gefen zanin gado ya ci gaba da wayarsa.

Da matar ta dawo sai Dogo ya kwantar da murya. "Matar yaya, kawo makullin shago in riƙa dubawa, kada ɓarayi su yi mana ta'asa."

Ta miƙa masa, har da godiya. Wallahi ciwon wannan godiyar ya fi wa kafinta ciwon jikinsa.

Aka sallame shi, aka kwantar da shi a ɗaki. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Matar ce ke juya shi, ta yi masa alwala, ta ba shi abinci a baki. Kuma tunda yanzu babu inda za shi, sai ta samu mai sauraro. A kwance ya ji cewa babbar 'yarsa ta daɗe ba ta ganin allo sosai a aji. A kwance ya ji cewa tun da mahaifiyarsa ta tsufa, matar nan ce ke zuwa yi mata wanki. Kunya ta rufe shi.

Da farko roƙonsa ɗaya ne: Allah ya dawo masa da baki ya tsine wa Dogo. A hankali roƙon ya sauya, ya koma neman bakin da zai gode wa Ubangijinsa da wannan baiwar Allah.

Bayan watanni harshe ya saki. Kalmar farko da ta fita ita ce alhamdulillahi, ta biyu kuwa, "Na gode."

Matar ta yi dariya tana kuka. "Ashe sai ka kwanta za ka iya faɗin ta, Baban yara."

Labari ya kai wa Dogo. Ya zo da fara'arsa, a lokacin shago ya zama kango, injin yana can yana masa aiki.

"Yaya, ka ga ikon Allah. Kullum bakina yana kanka da addu'a."

Kafinta ya dube shi. Maganar tana fita da ƙyar, amma ta fita.

"Na ji addu'ar. Na ji wayar ma. 'Wannan tasa ta ƙare.'"

Dogo ya miƙe. Ya laluba takalmansa ya fita, ko sallama babu. Washegari 'yan dako suka sauke injin a ƙofar gida, shi kuwa bai sake bin layin ba.

Darasi: Lafiya, harshe da mutanen gidanka ni'imomi ne, kada ka jira sai ka kwanta kafin ka gode. Duba wanda kake ba lokacinka, ka duba wanda zai juya ka a gado. Ka tura wa wani, wataƙila yau ya koma gida da wuri ya saurari iyalinsa.