Gora Mai Baƙin Zare

An yi wani mutum a garin Gusau, mai shago a bakin tashar mota. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba tonon asiri ya tara mu ba. Yana sayar da lemo da ruwan leda da zoɓon da matarsa Hafsatu take dafawa. Mutum ne mai fara'a, ba ya rasa sallar jam'i.

Amma a can ƙasan firjinsa akwai wasu gorunan zoɓo da ya ɗaura wa baƙin zare a wuya. Waɗannan ya gauraya su da giya. Ana kawo masa ita ta hanyar Tsafe, a ƙarƙashin buhunan dawa. Wanda ya san zancen zai ce, "A ba ni mai zare," sai a miƙo masa cikin baƙar leda.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai jahilci komai ba. Ya san Allah ya haramta, ya san dokar jiharmu ta hana. To me ya sa ya ci gaba? Kullum yana da amsar da yake ba zuciyarsa. Yakan ce ai shi ba ya sha. Yakan ce in bai sayar ba wani zai sayar. Da farko ya yi wa kansa alkawari ba zai ba direba mai shirin tafiya ba. Amma ta yaya zai hana mutumin da ya riga ya san asirinsa? Haka alkawarin ya mutu.

Sai auren 'yarsa Husna ya zo, za a kai ta Bungudu. Ranar kai amarya da hantsi ya buɗe shago don ɗibar lemon baƙi. Wani direba mai suna Jibo ya leƙo.

"Alhaji, mai zare. Yau ina da aiki."

Ya miƙa masa. Bai tambaye shi wane aiki ne ba.

Bayan La'asar motar da dangin ango suka ɗauko ta tsaya a ƙofar gida. Mata suna guɗa. Aka fito da Husna a lulluɓe, gwaggonta tana riƙe da hannunta. Uban ya matso don ya sa albarka, sai ya ga Jibo a mazaunin direba. Idanunsa sun yi ja. Ga gorar nan kusa da ƙafarsa, saura kaɗan a ciki.

Jibo ya yi dariya ya ce, "Ashe kai ne baban amarya? Kwantar da hankalinka, ai 'yarmu ce."

Kalma ɗaya ta isa a sauke kowa daga motar. Amma ga liman a tsaye, ga surukai, ga maƙwabta. In ya ce direba ya sha, za a ce, yaya aka yi ka sani? Ai zoɓo ne a gorar. Ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya dubi 'yarsa.

Sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Motar ba ta kai Bungudu ba. Jibo ya nemi wuce wata babbar mota a kan kwana, suka kife. Husna da gwaggonta suka rasu nan take.

Washegari aka kawo kayan da aka tsinta a wurin, gida cike da masu ta'aziyya. Hafsatu ta ga gorar ta gane ta. Ta buɗe ta sansana, sannan ta sa aka kira mijinta.

"Malam, zoɓona ne wannan. Wa ya ɗaura masa zare?"

Kafin sadakar uku Jibo ya faɗi komai daga gadon asibiti. Aka rufe shagon, Hafsatu ta koma gidansu. Asirin da ya zaɓa a kan ran 'yarsa, shi ma bai tsira ba.

Ya 'yan uwa, mu lura. Dokar da yake kewaye wa, 'yarsa take tsarewa. Duk wanda ka sayar wa, hanya zai hau, kuma ba ka san wa zai ɗauka ba. Zunubin ɓoye yakan ɗaure harshen mai shi a ranar da ya fi bukatar magana. In akwai mai irin wannan gora a cikinmu, ya zubar da ita yau. Ƙofar tuba ba ta rufe ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsarkake abin da muke ciyar da iyalanmu. Allah ya kiyaye mu. Amin.