Barci Ya Ɓata Hanyar Gidan Yaye

Ga ta nan, na kawo muku ita.

Ta zo, muna saurare.

Ranar da aka yaye Ɗanliti, sai aka raba shi da uwarsa Lantana, aka kai shi ƙauyen kakarsa Gwamma, yadda aka saba. Uwa ba ta zuwa, yaro ba ya dawowa, sai ya manta nono.

Ya ci tuwo, ya sha kunu, amma barci ya ƙi zuwa. Ba ya kuka, sai dai ya zuba wa rufin ɗaki ido har asuba. Ya fara rama.

Gwamma ta ce, "Maigidana, takaba kake so ka sa ni?"

Ta tafi wurin Kaza. "Kaza, ina Barci yake?"

Kaza ta ce, "A akurki yake samuna, ban san inda yake fitowa ba."

Ta tafi wurin Kyanwa. "Kyanwa, ina Barci yake?"

Kyanwa ta ce, "Da rana yake zuwa mini, a gajiye, ba ya cewa komai."

Ta tafi wurin Jemage. "Jemage, ina Barci yake?"

Jemage ya ce, "Kullum ina ganinsa a ƙofar ɗakin Lantana."

Gwamma ta ɗauki sandarta, ta kama hanya. Ta tarar da Barci zaune a bakin ƙofa. Ashe wani ɗan tsoho ne makaho, da hanci yake gane yara.

Ta ce, "Malam Barci, me ya zaunar da kai, jikana yana can ido biyu?"

Barci ya ce, "Nan nake jin ƙanshinsa. Kun gaya wa dangi za a yi yaye, kun gaya wa maƙwabta. Ni wa ya gaya mini?"

Gwamma ta leƙa ɗaki, ta ga Lantana zaune, ta rungume majanyin goyo, idanunta jawur.

Gwamma ta ce, "Ba ni majanyin nan."

"Inna, shi kaɗai ya rage mini."

Barci ya ce, "Ba ta. In na kwantar da shi, zan dawo miki."

Lantana ta miƙa. Gwamma ta ɗaura majanyi a kan sanda, tana gaba, Barci yana bin ƙanshi har gida. Ta goya Ɗanliti, ta tamke shi da majanyin uwarsa. Tun ba ta gama zagaya turmi ba, kansa ya langaɓe a bayanta.

Shi ya sa in za a kai yaro baƙon wuri, akan haɗa shi da abin da ya saba da shi.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya shige rami.