Ranar da Birkin Biri Ya Yi Shiru

An yi wani Biri a dajin Tsaunin Marke, wanda ba abin da yake so a duniya kamar a ce ya fi kowa gudu a kan keke. Yana da maƙwabta biyu. Akwai Baba Damo, mai gyaran kekuna a gindin tsamiya, wanda ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba. Akwai kuma Bushiya, wadda take hawan keke don nishaɗi kawai, tana tafe tana waƙa, tana tsayawa duk inda ta ga inuwa mai kyau.

Titin kwalta ɗaya ne ya ratsa dajin. Yakan hau tsauni, sannan ya sauko ta wani dogon gangare. A ƙarshen gangaren akwai muguwar kwana, bayan kwanar akwai rami, a cikin ramin akwai kogi, a cikin kogin kuwa Kada ne kwance yana jiran rabonsa. Duk mai hankali tun daga sama yake fara matsa birki.

Biri dai sai cika baki. "Ni ban ma san inda birkina yake ba," in ji shi. "Birki ai na matsorata ne."

Da ya rage kwana goma a yi tseren shekara, sai Biri ya ɗora wa kansa atisaye kamar mai aikin hukunci. Sau bakwai yake hawa tsaunin nan kullum, ba hutu, ba cin abinci a zaune. Amma maimakon gudunsa ya ƙaru, sai ya riƙa raguwa. Cinyoyinsa suka yi nauyi, zuciyarsa na dukan uku-uku ko yana tsaye, ayaba ma ta daina yi masa daɗi.

Rannan Baba Damo ya kira shi. "Kai Biri, zo nan. Miƙo hannunka."

Biri ya miƙa. Baba Damo ya riƙe hannun, ya dube shi sama da ƙasa.

"Jikinka ya gaji, ɗana. Jingine keken nan kwana biyu, ka ci ka ƙoshi, ka yi barci."

"Hutu?" Biri ya fizge hannunsa. "Baba, kai da tun da aka haife ka kake hutawa, kofi nawa ka ci?"

Amma akwai abin da Biri bai gaya wa kowa ba. Tun da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, tsoron gangaren nan ya shige shi. Da zarar ya hango kogin sai ya matsa birki a ɓoye. To, robar birkin ta cinye, ƙura kuma ta cika ta, sai ta fara tona masa asiri. Yana matsawa sai ka ji "ƙiiiii!" har can bayan tsauni.

Bushiya na zaune a inuwa a tsakiyar gangaren ta jiyo. Ta ɗaga murya, "Barka, Yaya Biri! Ashe ka gano inda birkin yake?"

Tsuntsayen da ke kan itace suka fashe da dariya. Biri ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya zarce gindin tsamiya yana huci. "Baba, ka rufe wa abin nan baki!"

Baba Damo ya duƙa ya duba a tsanake. "Robar ta mutu. Bar shi nan, gobe in sa sabuwa, in goge wilin tas."

"Gobe? Ba ina ganin kana ɗiga wa kacar keke mai ta daina kuka ba? Ɗiga wa wannan ma!"

"Kul!" Baba Damo ya daka masa tsawa, har Biri ya ja da baya. "Mai na kaca ne, don ta yi santsi. Birki kuwa aikinsa kamu. Ko ɗigo ɗaya kar ya taɓa shi. Ka ji ni?"

"Na ji."

Ji kam ya ji, da kunne. Baba Damo na juya baya ya tafi shan ruwa, Biri ya sure gwangwanin baƙin mai ya kwarara wa birkin gaba da na baya, har yana ɗiga ƙasa. Ya matsa, shiru. Ya sake matsawa, shiru. Sai ya yi tsalle don murna, shashasha, bai ko tura keken ya gwada ko yana tsayawa ba.

Washegari da hantsi ya tara dabbobi a gefen titi. "Ku buɗe kunnuwanku," ya ce. "Wanda ya ji kukan birki yau, ya tofa mini yawu."

Da ƙyar ya kai saman tsauni, yana haki, idanunsa na ganin bibbiyu. Ya juya kan keken ya sako gangare.

Da farko abin ya yi daɗi. Iska na kaɗa kunnuwansa, ’yan kallo na ihu. Can sai ya hango ƙyallin kogin. Ya ɗan matsa birki a ɓoye kamar yadda ya saba. Birkin bai yi kuka ba. Keken kuma bai rage gudu ba.

Ya matsa da ƙarfi. Ya matsa duka biyun har yatsunsa suka yi ciwo. Keken sai ƙara wuta yake. Itatuwa suka riƙa wucewa fuu, fuu. Ya sauke ƙafafu don ya ja ƙasa, amma ƙafafun da suka yi kwana da kwanaki suna wahala suka ƙi ɗaukar umarni. Can ƙasa, Kada ya ɗago kai daga ruwa, ya gyara kwanciya daidai ƙarƙashin kwanar.

"Wayyo Allah! Baba Damo! Bushiya! Ku tare ni! Na mutu!"

Ba wanda ya iya tare shi. A kwanar nan titi ya karkata hagu, keke ya miƙe sak. Biri ya daka tsalle ya cafki reshen wata bagaruwa da ta sunkuya kan ramin. Keken ya faɗa ruwa tsundum, bai sake fitowa ba.

A da, hawa reshe irin wannan wasa ne a wurin Biri. Yau ya yunƙura ya ja jikinsa sama, hannuwan suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, yatsa ɗaya ya zame. Ƙaya na sukarsa, jelarsa na lilo a kan ruwa, yana jin numfashin Kada mai ɗumi a tafin ƙafarsa.

"Sannu da zuwa," in ji Kada a hankali. "Yi a sannu. Ni ba inda za ni."

Bushiya ce ta fara isowa, ta tsaya cak a bakin ramin. Ta kwance doguwar robar da take ɗaure kaya, ta zagaya ta a kututture, ta jefa masa bakin.

"Kama, Yaya!"

"Ba zan iya sakin reshen ba! Tsoro nake ji!"

"Kama mana! Ni kaɗai ba zan iya jan ka ba. Baba! Baba Damo!"

Ranar aka fara ganin gudun Baba Damo. Ya iso ya danƙi robar da haƙora. Biri ya runtse ido, ya saki reshe, ya kama. Robar ta miƙe, ya yi ƙasa, Kada ya yi sama. Ji kake ƙaf! Suka ja da iyakar ƙarfinsu, Biri ya faɗo kan kwalta, rabin jelarsa kuwa ta tafi.

Baba Damo ya kama hannunsa ya sunsuna. "Warin mai nake ji."

Biri ya fashe da kuka a gaban kowa. "Ni na zuba, Baba. Kullum ina matsa birki. Kullum tsoro nake ji."

"Mu ma haka," in ji Bushiya. "Shi ya sa muke da jela."

Aka yi tseren shekara ba da Biri ba. Bayan raunin ya warke, Bushiya ta turo masa kekenta. "Hau mu je bakin tafki. Hanyar shimfiɗe take, ba gangare, ba mai kallo."

Biri ya ɗora ƙafa a kan feda. Gumi ya karyo masa. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke ƙafar.

"Ba yau ba," ya ce da ƙaramar murya.

"To, mu taka da ƙafa," in ji Bushiya. Ta kama kekenta tana turawa, shi kuma yana biye.

Darasin wannan labari shi ne, idan jikinka ya ce ya gaji, ka huta, idan kekenka ya yi kuka, ka kai shi wurin mai gyara ka kuma bi abin da ya ce. Jin tsoro a wurin haɗari ba abin kunya ba ne. Wanda ya ɓoye shi don a yabe shi yakan rasa yabon, ya kuma rasa daɗin hawan gaba ɗaya.